Jakar ɗumi ga wadda kafaɗarta ta riƙe bayan maganin ciwon daji (kansa): ina ake samu?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Taimako nake nema. An yi min aikin kansar mama a ɓangaren hagu, an cire har da kaluluwar hammata, na yi kimo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, na kuma gama gashin na'ura, wanda ake haska wurin don kashe ciwon, tun kafin azumi. Alhamdulillah jiki da sauƙi, yanzu ƙwayar letrozole ta hana ciwon dawowa kawai nake sha kullum. Abin da ya sako ni gaba shi ne kafaɗar da dokin wuya. Da asuba hannun ba ya ɗaguwa, ɗaurin ɗankwali ma sai 'yata ta kama min, tunda hunturun nan ya shigo kuwa abin sai ƙaruwa yake. Wata baiwar Allah da muka haɗu a layin ganin likita ta ce akwai wata jaka mai hatsi a ciki, ana saka ta a maikurowef ta yi ɗumi a yafa a kafaɗa, 'yarta ce ta aiko mata daga waje. Na tambaya a kemis ɗin unguwarmu, ba su ma taɓa jin ta ba. Wa ya san inda ake sayarwa a Kano, ko a intanet?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na san ta sarai. Nan Ingila a kantin magani ma ana samu, a Amazon kuwa kala-kala. Yawanci alkama ce a ciki, wasu ƙwallon ceri, wasu kuma su zuba furen labanda don ƙamshi. Akwai doguwa mai zagaye wuya, akwai mai faɗi ta baya. Amma tsakani da Allah kuɗin aiko ta Kano ya fi kuɗinta, don nauyi gare ta. Ki duba Jumia ko Konga, wani lokacin suna sakawa, sai dai yawancin abin da za ki gani a can masu jona wa wuta ne.

Hajiya Kaka:
Ikon Allah. Yanzu gashin ma sai an aiko shi daga Ingila? 'Yar nan, ki sa a tafasa ruwa, a tsoma tawul a matse, a gasa miki wurin safe da yamma. Idan an gama a mulke da Aboniki ko man zafi, ki lulluɓe ki kwanta. Da shi muka yi jego, da shi muka yi jinyar targaɗe, ba mu san wata jaka ba.

Sista Mai Aikin Dare:
Hajiya ranki ya daɗe, a yi min afuwa, amma a wannan jikin ban yarda da ruwan zafi ba. Maman Khalifa, kafin a je maganar inda ake sayarwa, ki amsa min wannan. Idan kika shafa fatar hammatarki da cikin damtsen hagu da gefen tabon aikin, kina jin taɓin kamar yadda kike ji a dama?

Maman Khalifa:
A'a Sista. Hammatar da bayan damtsen kamar ba jikina ba. Ko tsinke aka caka ba na ji sosai. Wajen tabon ma haka.

Sista Mai Aikin Dare:
To nan matsalar take. Lokacin da ake cire kaluluwar hammata, akwai wata jijiyar ji da ta ratsa ta wurin zuwa cikin damtse, sau da yawa ana yanke ta ko a taɓa ta. Shi ya sa mata da yawa fatar wurin take mutuwa bayan aiki, wasu ta dawo a hankali, wasu ba ta dawowa duka. Mai lafiyar fata idan abu ya yi zafi zai zabura ya janye tun kafin ya ƙone. Ke fatar ba za ta sanar da ke ba. Kina zaune kina jin daɗin ɗumi a wuya, can ƙasa fatar na dahuwa, sai da safe a ga bororo.

Kuma ba sai ruwa ya tafasa ba. Zafin da ya kai digiri 60 cikin daƙiƙu kaɗan yake ƙona fata. Na digiri 44, wanda hannu zai ce ai wannan ɗumi ne kawai, idan ya daɗe a wuri ɗaya kamar awa shida shi ma yana ƙonawa. Shi ya sa kwana da abin ɗumi ya fi komai haɗari.

Ga kuma fatar da aka yi wa gashin na'ura. Ko ta warke a ido, ta riga ta yi laushi, jini ba ya zaga ta kamar da, idan ta ji ciwo tana daɗewa ba ta rufe ba.

Hajiya Kaka:
To ai ba cewa na yi a sheƙa mata tafasasshe ba. Mai gashin ai da hannunta take matse tawul ɗin, in ya yi zafi ita za ta fara ji.

Sista Mai Aikin Dare:
Hannun da ya saba tuƙa tuwo da sauke tukunya ba ma'auni ba ne, Hajiya. Tafin hannun uwa yana ɗaukar zafin da fatar ƙirji ba za ta ɗauka ba. Sannan man zafin nan, Aboniki ne ko Robb ko Deep Heat, ba a haɗa shi da abin ɗumi a wuri ɗaya. Yana ruɗa jin zafin, ɗumi kuma yana sa fata ta ƙara shan shi. Mun sha karɓar ƙuna ta wannan hanyar ko a masu lafiya.

Baban Yara Zariya:
Ku ma'aikatan asibiti komai sai kun tsorata mutane. Mace ta ce kafaɗa ta hana ta sakat, an kawo mata abin da ba allura ba ba ƙwaya ba, kun ce kul. To me za ta yi, ta zauna da ciwo? Ni matata ta yi wannan jinyar, gorar ruwan zafi ce ta taimake ta, ba abin da ya same ta.

Sista Mai Aikin Dare:
Malam ban ce kada ta yi ba. Inda za a ɗora da yadda za a ɗora nake magana. Allah ya tsare maiɗakinka, amma ba kowa ke tsira ba.

Mai Gashin Ƙashi:
Salamu alaikum. Sai yanzu na shigo, na karanta daga sama. Wannan aikina ne, bari in sa baki.

Malam Baban Yara yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ɗumi yana aiki. Yana buɗe hanyoyin jini, yana sa tsoka ta saki, yana rage jin ciwo na ɗan lokaci. Mu ma a sashenmu muna ɗora wa mutane kafin mu fara motsa gaɓa. Sista ma ba ta faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne a san me ya riƙe kafaɗar, don ba abu ɗaya ba ne, kuma ba duka ɗumi ke warwarewa ba.

Hajiya Maman Khalifa, daga bayaninki ina hango abubuwa da suka taru. Tun bayan aiki mutum yakan dinga kare ɓangaren, ya manne hannu da jiki, ya ɗage kafaɗa ba tare da ya sani ba. Wata da watanni a haka, tsokar da ta taso daga wuya zuwa kafaɗa sai ta ƙage. Wannan ita ce ɗumi ya fi yi wa amfani, kuma sa'a ita ce fatar wurin yawanci lafiyarta ƙalau, tana jin zafi. Sai tsokar ƙirji wadda gashin na'ura ya ratsa. Ita tana taurarewa ne a hankali, wani lokacin watanni bayan an gama, har ma shekaru, ta janyo kafaɗa gaba. Wannan miƙewa take so kullum, ɗumi kaɗai ba ya sake ta. Wasu kuma za su ga wani abu kamar igiya ya miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu idan sun ɗaga hannu, yana ja yana zafi. Hanyoyin ruwan jiki ne da suka taurare bayan cire kaluluwa, shi ma da motsa jiki da tausar wanda ya iya yake saki.

Sai letrozole. Shi da 'yan uwansa anastrozole da exemestane an san su da sa ciwon gaɓoɓi da sanƙarewar safe, musamman yatsu, wuyan hannu, gwiwa. In kin lura yatsunki ma suna ƙin lanƙwasuwa da asuba, to da hannunsa a ciki. Kada ki daina sha da kanki. Ki faɗa wa likitanki, akwai canjin da ake yi daga wannan zuwa wancan, wasu suna samun sauƙi.

Maman Khalifa:
Wallahi Likita kamar kana gidan. Yatsun ma haka suke, sai na yi alwala da ruwan ɗumi suke saki. Igiyar nan na yi ta da farko amma ta tafi. To kenan zan iya ɗora jakar a wuya da saman kafaɗa?

Mai Gashin Ƙashi:
A dokin wuya da saman kafaɗa ta baya, inda kike jin taɓi sosai, e, in likitanki bai hana ba. Ban da hammata, ban da kan tabo, ban da ƙirjin da aka gasa, ban da damtsen hagu. Ki duba ko an gasa miki saman ƙashin wuya, don wasu ana haɗawa da nan, in haka ne ki matsar da jakar baya. Minti 15 zuwa 20 ya isa, a kan riga ko da tawul a tsakani, kina zaune ba kwance a kanta ba. Ki fara gwadawa a cikin damtsen dama, na lafiyar, ki riƙe ta can ɗan lokaci. In kin ji kina son janyewa to ta yi zafi. Bayan kin cire ki duba fatar a madubi ko 'yarki ta duba miki.

Kuma da zarar kin sauke jakar, tsoka na da ɗumi, a nan ne za ki yi aikin. Ki fuskanci bango ki dinga hawa da yatsu sama a hankali har inda kika ji ja, ba zafi mai soka ba, ki tsaya kina numfashi, ki sauko. Ki juya gefe ki maimaita. Ki kwanta rigingine ki riƙe muciya ko sandar mofa da hannu biyu, hannun dama ya ja na hagu zuwa saman kai. Ki tsaya a bakin ƙofa ki dafa gefe biyu ki ɗan turo ƙirji gaba. Wanda ya ɗora ɗumi ya koma ya naɗe a bargo, gobe ma haka zai tashi.

In da hali ki nemi a rubuta miki takarda zuwa sashen gashin ƙashi, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Ƙashi na Dala. A gan ki ido da ido ya fi duk abin da zan rubuta a nan.

'Yar Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata kan kumburin hannu ne. Yayata an yi mata aikin a Yamai, hannun ya kumbura har awarwaro ba ya shiga. An ce mata kada ta kusanci zafi ko kaɗan, har girki ta bari. Shin gaskiya ne?

Mai Gashin Ƙashi:
Allah ya ba ta lafiya. Kumburin yana zuwa ne saboda an cire kaluluwar da ke tace ruwan hannun, ruwa ya rasa hanyar komawa. Zafi yana ƙara kawo jini da ruwa wurin, shi ya sa aka daɗe ana cewa a guji ɗora abin zafi a hannun da ya kumbura ko wanda ake tsoron ya kumbura. Masana suna ta sake duba yawan haɗarin, amma ni dai ba na ɗora wa mai kumburi ɗumi a wannan hannun. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ƙuna ce. Ƙaramin ciwo a irin wannan hannu ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. In ta ga hannun ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ranar za ta je asibiti, ba gobe ba.

Barin girki gaba ɗaya kuwa ya yi yawa. Ta kiyaye fantsamar mai da tururi, ta sauke tukunya da tsumma mai kauri. Da can ana hana su ɗaukar komai da hannun, amma wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2009 ya nuna ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan ana ƙarawa a hankali, da safar matse hannu a jiki, bai ƙara kumburin ba. Hannun da aka ajiye ba a amfani da shi ya fi saurin ƙagewa.

'Yar Maraɗi:
Na gode Likita, zan tura mata. Mu nan gorar ruwan zafi ta roba ce ake samu a farmasi, jakar hatsi ban taɓa gani ba.

Telan Fagge:
Hajiyoyi ku yi haƙuri in shigo. Mahaifiyata ce ta sa ni a zauren nan, ni ke karanta mata. Na ga hoton jakar a intanet yanzu. Wallahi wannan ba abin da za a jira jirgi ba ne, ɗinkin minti ashirin ne. Ƙyalle da hatsi ne kawai. Ku gaya min awon da abin da za a zuba.

Uwar Biyu:
Hhhh Malam Tela ka gama magana. Tawa na auna maka: tsawo kamar inci 20, faɗi inci 6. An raba ta gida huɗu da ɗinki, don kada hatsin ya zube gefe ɗaya idan an rataya a wuya. Kada a cika ta tam, a bar wuri hatsin ya dinga motsi, shi ke sa ta kwanta a kafaɗa. Tana da riga ta waje da ake cirewa a wanke, don ita jakar ba a wanke ta.

Sista Mai Aikin Dare:
Malam Tela a kula da yadin. Auduga zalla. Ba leshi, ba mai zaren gwal ko duwatsu, ba zif, ba maɓallin ƙarfe, duk waɗannan tartsatsi suke yi a maikurowef. Mai roba kuma narkewa yake.

Telan Fagge:
Wannan kam fannina ne Sista. Yanzu atamfa da yawa a Kwari roba ce, ido ba ya rabewa. Yadda muke ganewa, a zare zare ɗaya a kusantar da ashana. Auduga tana ci ta zama toka mai laushi, warinta kamar takarda. Roba tana naɗewa ta dunƙule ta yi ƙwallo mai tauri. Zan yi da farin yadin auduga mai kauri, zaren ɗinkin ma in nemo na auduga. Rigar waje sai a yi da tsohon zani wanda ya sha wanki. Hatsin fa, alkama dole?

Uwar Biyu:
Ba dole ba. Shinkafa ma ana yi da ita, ɗanya, busasshiya. Mutane da yawa a nan safa kawai suke cikawa da shinkafa su ɗaure bakin.

Hajiya Kaka:
Shinkafa a wannan tsadar? A zuba gero mana. Ƙwayarsa ƙanana, zai fi kwanciya a jiki, kuma gero yana riƙe ɗumi. Amma a bushe shi a rana sosai, a fece, a tsince. In da ƙwari a ciki za su cinye jakar.

Sista Mai Aikin Dare:
Yau dai mun haɗu da Hajiya a hanya ɗaya. Gero ya yi. Masara ce ban so, kada a wayi gari da gugguru.

Hajiya Kaka:
Ja'ira. Ai na ji bayanin likitan, ya fi ki iya lallashi.

Maman Khalifa:
Kun sa ni dariya har kafaɗar ta amsa. To minti nawa ake sakawa a na'urar?

Uwar Biyu:
Ya danganta da ƙarfin na'urar da nauyin jakar, shi ya sa na kanti suke zuwa da rubutu a jiki. Ta gida ki fara da minti ɗaya, ki fito da ita ki girgiza sosai, ki gwada. In ba ta yi ba ki ƙara daƙiƙa 20 ko 30, haka har ki gane lokacinta, sai ki riƙe shi. Girgizawar tana da muhimmanci, don maikurowef ba ya ɗumama abu daidai, wani gefe da sanyi wani gefe kamar garwashi. Ki tabbata farantin ciki yana juyawa kuma jakar ba ta tokare bango ba. Kada ki kunna ki tafi wani ɗaki.

Sannan masu kashe gobara a nan suna yawan gargaɗi a kanta. Hatsin da aka yi ta ɗumamawa yana bushewa ƙarau, in aka zarce zai iya fara ci daga ciki ba a gani ba, a saka a ƙarƙashin bargo ya kama. An yi asarar rayuka ta haka. Don haka ba a saka ta cikin shimfiɗa, ba a sake ɗumamawa sai ta huce gaba ɗaya, in kin ji ƙauri ko kin ga yadin ya yi baƙi-baƙi ki ajiye ta a kan siminti ta huce ki zubar. Wasu masu yin ta suna cewa a saka ɗan kofin ruwa a gefe lokacin ɗumamawa don kada hatsin ya bushe da yawa.

Baban Yara Zariya:
Duk wannan lissafin na masu wuta ne. Mu da sai a kwana biyu ba a kawo ba, kuma gida nawa ne ke da maikurowef? Shi ya sa na ce gora.

Mai Gashin Ƙashi:
Gorar ma ta yi Malam, ƙa'idar wuri da lokaci ɗaya ce. Sai dai ita haɗarinta fashewa. Ba a zuba mata ruwan da ya sauko daga wuta yana tafasa, a bari ya sarara. A cika kashi biyu cikin uku, a matse iskar kafin a rufe, a sa mata riga. Ba a zama ko kwanciya a kanta. Robar tana tsufa, musamman a zafin garinmu, in an ga ta fara tsagewa ko tana manne wa hannu a canza. Da yawansu akwai wani zane kamar fure a jiki, lambar tsakiyarsa ita ce shekarar da aka yi ta, ku duba kafin ku saya don wata ta shekara da shekaru a kanti.

Telan Fagge:
Ga dabara. In na yi wa jakar baki mai igiyar zuge, sai a juye geron a kasko a ɗan motsa shi a wuta kaɗan, a mayar. Ba sai da lantarki ba.

Hajiya Kaka:
Da gishiri ko rairayi muke yi da can, a soya a ƙulle a tsumma.

Sista Mai Aikin Dare:
Gishiri da rairayi suna ɗaukar zafi fiye da kima a kasko, ba ruwa a jikinsu da zai tsayar da su, kuma tsumma ba ya nuna maka sai ya ratso. Ga mai mataccen fata ban so. Geron kasko ma a yi a wuta ƙasa-ƙasa ana juyawa, a sauke tun ana iya tsoma hannu a ciki a bar shi. Wata hanyar mai sauƙi, a ɗora jakar a kan murfin tukunyar da ke kan wuta, ana juya ta. Ba ta yin zafi sosai, kuma abin da ake so kenan.

Ummu Sadik:
Ni tsorona daban. An ce maikurowef kansa yana sa ciwon daji. Mutum ya fita daga wannan ciwo kuma ya dinga ɗora abin da ya fito daga ciki a jikinsa? Kuma wata ta ce min zafi yana tayar da ciwon ya bazu.

Sista Mai Aikin Dare:
'Yar'uwa kwantar da hankalinki. Abin da na'urar ke fitarwa dangin igiyar rediyo ne, yana girgiza ruwan da ke cikin abu ya yi zafi. Ba irin hasken na'urar gashi ko na hoton ƙashi ba ne. Da an kashe ya ƙare, ba ya zama a cikin gero ko abinci. Jakar da ta fito hatsi ne mai ɗumi, shi kenan. Ɗumin minti ashirin a wuya kuma ba shi ke dawo da ciwon daji ba. Abin da ake cewa shi ne wanda har yanzu yake da ƙari a wani wuri, ko ake cikin yi masa gashi, kada ya ɗora zafi a kan wurin sai likitansa ya yarda.

Tunda an zo nan bari in ƙara wani abu da ya fi wannan haɗari. Masu manna filastar kashe ciwo ta fentanyl a fata, kada abin ɗumi ya kusanci filastar. Zafi yana sa maganin ya shiga jini da yawa lokaci guda, mutum ya yi ta barci numfashi ya yi ƙasa. Wannan yana kisa. Masu jinyar iyaye a gida ku riƙe shi.

Malam Na Gombe:
Ni namiji ne amma ciwo ya haɗa mu. Nawa a bayan hanci ne, an gasa min wuya gefe biyu. Yanzu wuyan ya yi tauri kamar itace, waiwaye sai da jiki duka, baki ma ba ya buɗuwa sosai, loma sai ƙarama. Jakar za ta yi min?

Mai Gashin Ƙashi:
Malam sannu, Allah ya ƙara afuwa. Naka ya bambanta da na Hajiya, don inda ya ƙage shi ne daidai inda aka gasa. Ba zan ce ka ɗora ba sai likitan da ya yi maka gashin ya duba fatar ya amince, kuma in akwai kumburi a ƙarƙashin haɓa ka nuna masa. Bakin kuwa kada ka jira. Tsokar muƙamuƙi in ta taurare bayan gashi tana ƙara rufewa ne a hankali, kuma hana ta ya fi buɗe ta sauƙi. Gwada ka jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In ba sa shiga, ka faɗa a asibiti a wannan zuwan. Akwai motsa muƙamuƙi da ake koyarwa, ana yi sau da yawa a rana, wasu da jera sandunan katako irin na duba maƙogwaro ana ƙarawa ɗaya bayan ɗaya.

Malam Na Gombe:
Biyu ke shiga, da ƙyar. Zan faɗa in sha Allah.

Maganin Gado:
Duk ku bar wahala. Akwai haɗin da ke narkar da duk wani tauri da ragowar daji cikin sati biyu, a yi min magana ta akwati.

Shugabar Zaure:
Malam ba a talla a nan, dokar tana sama. Na goge lambar. In aka sake zan cire ka.

Baban Yara Zariya:
Likita tambaya ɗaya. Yaya mutum zai bambance ciwon tsoka da wanda ba na tsoka ba? Don matata duk ciwon da ta ji sai hankalinta ya tashi.

Mai Gashin Ƙashi:
Ba a rabewa tabbas daga gida, amma akwai alamu. Na tsoka yana canzawa da motsi, ya fi tsanani da safe ko bayan zama, ya saki idan jiki ya ɗumama. Wanda ba a rufe shi da jaka shi ne sabon ciwo a wuri ɗaya cikin ƙashi, baya ko ƙugu ko haƙarƙari, wanda ba ya lafawa da hutu, yana tashin mutum da dare, yana ƙaruwa mako bayan mako. In ciwon baya ya zo da raunin ƙafafu, ko mutuwar jiki, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa ko sun ƙi fita, wannan na gaggawa ne a ranar. Haka hannu ko sha-raɓa da ya kumbura farat ɗaya da zafi, yana iya zama gudan jini, masu shan tamoxifen, wata ƙwayar kansar mama, su fi kula, ba a gasa shi ba a tausa shi. Masu ciwon suga da waɗanda kimo ya kashe musu tafin ƙafa da yatsu kuma, ƙafar nan ba ta jin zafi, kada a ɗora mata gora don sanyi, a sa safa.

Maman Khalifa:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Ranar Talata nake da ganin likita, zan tambaye shi iyakar inda aka gasa da maganar yatsun. Malam Tela ka ɗinka min ɗaya, amma kada ta yi nauyi, kafaɗar ba ta son kaya.

Telan Fagge:
To Hajiya. Zan yi gida huɗu, kowane gida gwangwanin madara ɗaya da rabi na gero, in kin ji nauyi a rage. Ta Malam Na Gombe sai likita ya yarda. Wadda za a juye a kasko kuma ba za ta rabu gida-gida ba, don haka ku faɗa min wacce kuke so kafin in yanka.

'Yar Maraɗi:
Malam Tela ka sa hoton awon a nan idan ka gama, mu kai wa namu telan. Gero dai ba ma nema.

Hajiya Kaka:
In damina ta zo ku dinga shanya ta, gero yana yin fumfuna. Kuma a rataye ta a ƙusa, kada a bar wa ɓera a ƙasa.